Teburin da Yayan Matata Ya Yi wa Kekena

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi, kowa a Kaduna ya sayi abin hawa, mu dukawa muka samu aikin rufe sirdin babur da kujerar mota. Ina da rumfa a Rafin Guza a lokacin, da keken ɗinkin fata irin mai hannu, wanda allurarsa ke can ƙarshen wani ƙarfe da ya miƙo kamar damtsen mutum. A takalmi da jaka babu kamarsa, sai ka zura su a hannun ka yi ta juyawa. Amma ka kawo masa shimfiɗaɗɗen kirgi mai faɗi, babu inda zai kwanta. Nauyinsa ya rinjaya gefe, ya ja allura, ɗinki ya tafi kamar sawun maye.

Wani babban ma'aikaci daga Malali ya kawo mini aikin kujerun sabuwar motarsa. Da kirginsa ya zo, baƙi, mai taushi, irin wanda ban taɓa riƙewa ba. Ya ce ranar Juma'a yake so, kuma in ɗinki ya miƙe, duk mutanen ofishinsu wurina za su zo. Na ce ranka ya daɗe, an gama. Yana juya baya na san ƙarya na yi, sai fa in an yi wa keken tebur, wato allon katako mai tsaga a tsakiya, wanda hannun zai shige ciki, saman allon ya yi daidai da bakin allura.

Kafintan da na sani ya iya irin wannan aiki ɗaya ne, yayan matata, a Unguwar Dosa. Mutumin nan bai taɓa ƙaunata ba, ni ma ban ɓata lokaci wajen ƙaunarsa ba. Ya gama firamare, ni kuwa a aji biyu malami ya ce wa babana ya zo ya ɗauki kayansa. Kullum da fensir a kunne, da tef ɗin awo a aljihu, in ya shigo rumfata sai ya toshe hanci da hula wai warin jima. Sunana ma ba ya faɗa. Baduku yake ce mini, kamar ni kaɗai ne a garin.

Da na yi masa bayani, ya ce zai zo ya auna keken da kansa. Na ce ba sai ya wahala ba. Gaskiyar ita ce ba na son ya tsaya a gaban maƙwabtana yana karanta lambobin da ban san kansu ba, yana tambayata inci nawa nake so. Na koma na yi awo irin namu. Na yanko siririn zare daga ragowar fata a kaskon da muke jiƙa ta kafin aiki, na ja shi a jikin hannun keken, na yi masa tsaga da wuƙa: nan faɗi, nan tsawo, nan tashi daga benci. Na kai masa da hannuna. Ya riƙe shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ya rataye a ƙusa a jikin kwanon rumfarsa, inda rana ke dukansa tun hantsi.

Ranar Laraba tebur ya iso a bayan keken hawa. Katakon maɗaci ne, an goge shi sumul, har gefen ya zagaye don kada ya karce fata. Ban yaba ba. Na ɗauka zan zura, ya ƙi. Tsagar ta yi wa hannun kaɗan, kamar faɗin ƙaramin yatsa.

Tun a nan wani abu ya ɗarsu a raina, domin babu badukun da bai san abin da rana ke yi wa jiƙaƙƙiyar fata ba. Na danne shi. Na ɗauki allon na bi rumfa rumfa ina nunawa, na ce ga aikin mai ilimin boko. Na gaya wa mai shayi cewa idon mutumin ya fara mutuwa. A bakin masallaci bayan la'asar na ƙara da cewa fensirin kunnensa ado ne kawai. Na ji daɗin ranar, ba zan ɓoye ba.

Washegari da safe sai ga shi. Bai toshe hanci ba, a nan na san akwai magana. Ya yi sallama ga kowa ban da ni, ya jira har maƙwabta suka taru. Ya zaro zaren nan daga aljihu, ya ƙandare ya lanƙwashe, ya ɗora shi a tsagar allon. Daidai, ko gashi bai wuce ba. Sannan ya jefa shi a kaskona, ya nemi kujera ya zauna yana hira da tela na kusa da ni a kan tsadar ƙusa. Da zaren ya sha ruwa ya ciro, ya ja shi a hannun keken. Tsagogin wuƙata suka faɗa inda na yi su.

"Baduku," ya ce, "fatar ma da kake wari da ita ba ka santa ba?"

Na ce, "Yaya, wa ya ce ka shanya ta a rana?"

"Wa ya ce mini jiƙaƙƙiya ce? Da ɗumin aljihunka ka kawo ta."

Tela ya yi dariya har ya sa kai a gwiwa. Wani tsoho ya ce a yi haƙuri, a gyara tsagar, aikin zarto ne na ɗan lokaci. Yayan matata ya ce makaho ba ya riƙe zarto, a nemi mai ido. Ya matse zaren, ya mayar aljihu, ya tafi.

Da na bi shi na ce na yi kuskure, da kafin azahar an gama. Matata ma haka ta ce, ta ce ita za ta raka ni. Na ce mata ko gawata ba za ta je Unguwar Dosa ba. Na ɗauko wuƙar yankan kirgi da magagari, na zauna na fiƙe maɗacin nan da kaina. Ban san katako na da hanyar da yake bi ba, ya tsage mini ta gefe ɗaya. Haka na tura shi ya shiga. Na manta kuma awon tashi ma ya ragu tare da sauran, sai allon ya zauna ƙasa da bakin allura. Na cusa guntayen fata a ƙarƙashi, ya yi ta rawa.

Na ɗora kirgin yallaɓai, na taka. Taƙi biyu ɗinki ya tafi lafiya. Sai allon ya karkata, tsagaggen bakin ya kama fatar, ƙafata kuma ba ta tsaya ba. Allura ta yi layin huda a tsakiyar abin da zai zama mazaunin direba. Fata ba yadi ba ce, in ta hudu ta hudu.

Ranar Juma'a mai motar ya zo, ya ɗaga kirgin ya hango rana ta cikin ramukan. Bai yi faɗa ba. Ya nannaɗe sauran, ya tambayi tela ko akwai wani baduku a Kawo. Mutanen ofishinsu ban taɓa ganin ko ɗaya ba.

Allon yana gidana har yau, a kai ake yanka kuɓewa. Shi kuwa yayan matata ya mayar da zaren ƙusarsa, duk wanda ya kawo masa awo da igiya sai ya nuna masa, ya ba shi labarina tun daga aji biyu. Shekara da shekaru muna haɗuwa a suna da jana'iza, hannu kawai muke ba juna. Har yanzu ina nan a kan cewa da ya iya aiki, da ya ji sanyin zaren tun da ya taɓa shi.