Alkawarin Baban Ƙofa

Baban Ƙofa ake ce masa, don ɗakinsa ne na farko in ka shigo gidan hayar. Gidan ba nasa ba ne, kula da shi yake yi. Shi ya san famfon da sai an lallaɓa shi, da kwanon da ke yoyo in ruwa ya zo da iska. Shi ke karɓar haya kuma. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Zama kawai zai yi a bakin ƙofarka yana tambayar lafiyar yara, har kunya ta sa ka shiga ɗaki ka fito da abin da ya samu. In wata ya yi wa mutum tsawo, Baba ya ce wa mai gida, "Na tsaya masa," magana ta ƙare.

Da mai gida ya rasu, gidan ya faɗa a rabon autansa, yaron da Baba ya sha saɓawa a kafaɗa.

"Baba, gidan nan cin kansa yake yi," in ji Auta. "Abin da aka karɓa, gyara ke lashewa. Na ci bashin banki, zan sabunta shi gaba ɗaya. Sai dai mutane su ɗan matsa."

"Su matsa ina?"

"Na ɗan lokaci ne. Ana gamawa kowa ya koma ɗakinsa. Ni in na faɗa ba za su yarda ba. Kai suke ji."

Baba ya bi ɗaki-ɗaki. Direban da ke ɗaki na biyu ya ce shi fa bai yarda da mai takalmi mai tsini ba. Matar tela, maƙwabciyarsa, ta ce, "Kai dai ka cika baki. In Baba ya ce za mu dawo, ai mun dawo." Baba ya dafa ƙirji, ya ce kowa zai dawo. Babu wanda ya nemi wa'adi, babu wanda ya kama ɗaki a wani wuri. Tela ya cusa iyalinsa a bayan shagonsa, tsakanin keke da yadudduka.

Magina suka zo, Baba har ruwa yake kai musu. Wata safiya ya tarar suna rushe bangon da ke tsakanin ɗakin tela da na direba.

"Samari, ba kuskure kuka yi ba?"

"Falo ne nan, Tsoho," in ji babban magini. "Can kuma kicin. Ai zanen ya daɗe a hannunmu."

Baba ya jira Auta a tsakar gida.

"Bashin banki ba ya jira, Baba. Hayar da ake biya a da ba za ta riƙe shi ba. Ma'aikata za mu sa, masu biyan shekara. Kai naka ɗakin na nan, har tayil na sa maka."

"Ranar da ka aike ni, ka sani?"

Auta ya duba wayarsa, ya ce ana jiransa.

Da fenti ya bushe, matar tela ta zo da yara da kaya a amalanke.

"Baba, mun ji an gama."

Ya tsaya a bakin sabon get ɗin, bai matsa ba. Ta leƙa ta saman kafaɗarsa, ta ga labulen wasu a tagarta. Sannan idonta ya sauka a ɗakinsa, ƙasa sai ƙyalli.

"Ashe kai an gyara maka," ta ce a hankali. Ta tambaye shi ciwon ƙafarsa, ta yi masa fatan sauƙi, ta ce wa mai amalanke ya juya.

Baba yana nan har yanzu, yana buɗe wa motoci get. In za shi kasuwa ta bayan layi yake zagawa, duk da ƙafar, don hanyar gaba ta ƙofar shagon tela ta bi. Aljihun rigarsa ya yage kwanakin baya. Da kansa ya ɗinke, ɗinkin ya karkace.