Ranar da Ekran Ya Mutu

Shekarar da damina ta yaudare mu, sojoji kuma na riƙe da mulki, ina buga takardu a wani biro, wato ofis, kusa da unguwar Kalley, inda ake tattara labarin ƙarancin cimaka. An kawar da shugaban bironmu farar hula, aka ɗora mana wani kumandan da ordinatar, wato kwamfuta, bai san amfaninta ba sai aza hularsa a kanta.

Wata safiya ina tsakiyar buga rahoton ƙauyukan Tawa da rumbunansu suka ƙare, sai ekran, allon ordinatar, ya yi baƙi ƙirin. Ordinatar na ta gurnaninta, aikina yana ciki, ban adana ba. Na ɗauko wani ekran daga biron da ke kusa, na durƙusa zan jona.

"Madam, kar ki kuskura!"

Mai kula da injinanmu ne, wanda ya taɓa zuwa wani ɗan kwas a Dakar, tun daga nan bai sake gaishe mu da Hausa ba. Ya ce in aka jona ekran inji na tafiya, komai zai ƙone. Na ce to a kashe. Ya ce in aka kashe, rahoto ya tafi.

"To me za a yi, Mushe?" na tambaye shi, da "Malam" ɗin Faransawa.

"Sai an yi nazari."

Mataimakin shugaba ya leƙo, ya ce surukinsa a unguwar Lazaret kullum haka yake yi, ko hayaƙi bai taɓa gani ba. Suka kaure da gardama da Faransanci, kowa hannunsa a aljihu. Daga ƙarshe aka kira kumandan. Ya zo ya tsaya nesa, yana kallon wayar kamar kububuwa.

"Wa zai ɗauki alhaki?"

Kowa ya dubi takalminsa. Na ce, "Ni, ranka ya daɗe."

"Ke muƙaminki bai kai na ɗaukar alhaki ba."

Ya hana a taɓa komai sai ya ji daga sama, har ya sa soja da bindiga gadin tebur. A bakin ƙofa kuwa matan ƙauye na zaune da ƙorai, an ce musu nan ne gidan hatsi.

Ana kiran azahar kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Gurnanin ya tsaya.

"Alhamdulillahi," in ji mutumin Dakar, "ba abin da ya ƙone."

Kumandan ya dafa kafaɗarsa, ya yaba masa da hangen nesa. Ni aka ce in faro daga farko, kuma in daina gaggawa. Na sake bugawa, rahoto ya isa bayan an gama zaman rabon hatsi na wannan mako.

Daga baya na jona ekran ba adadi, inji na tafiya, ko tartsatsi ban gani ba. Mutumin Dakar kuwa, kafin sojoji su sauka an ba shi biro nasa, da mota.