Allon ƙarfe a hanyar masallaci

Akwai wata Juma'a da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. A lokacin ina zuwa ajin manya na ƙaramar hukuma a Tottenham, can ƙasar Turawa, da furfurata, ina koyon haɗa baƙaƙen boko.

Maƙwabcina wani dattijo ne mutumin Zariya, ɗansa ya kawo shi jinya, zama ya kama shi. Mahaifinsa soja ne, aka tafi da shi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, tun dattijon yana cikin ciki, kuma bai dawo ba. Babu gawa, babu kabari.

A hanyarmu ta masallaci akwai wani allon ƙarfe a bakin titi, mai hoton sojoji suna maci. Duk Juma'a sai dattijon ya tsaya a gabansa, ya jingine sanda, ya ɗaga hannu ya yi addu'a kamar mai ziyarar maƙabarta. Ya taɓa tambayar ɗansa, shi kuwa cikin sauri ya ce masa na sojojin yaƙi ne. Daga nan ya riƙe cewa sunayen mamata ne, har da na mahaifinsa.

Ran nan ya taɓo jakata da sanda. "Malam ɗan boko, kullum kana fama da jaka. Yau za mu ga amfaninta. Nemo min sunan babana."

Na ce, "Baba, karatun nawa fa rarrafe yake yi."

"To, rarrafa. Ni da na jira tun kafin a haife ni?"

Na ɗora yatsa a kan ƙarfen, sanyi kamar ƙanƙara. Bas ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ina nan ina haɗawa. Abin da aka rubuta shi ne, ta wannan titi samarin unguwar suka bi zuwa tashar jirgin ƙasa da za su tafi yaƙi, da yawansu ba su dawo ba. Shi ke nan. Na koma farko, ina fatan ni ne na yi kuskure.

"Me ka gani, ɗana?"

"Baba, babu sunan kowa. 'Yan unguwar nan ne."

"Ko ƙasarmu ba su ambata ba?"

"Ba su ambata ba."

"Duba ƙananan nan na ƙasa."

Na durƙusa na duba. Bayanin waɗanda suka kafa allon ne.

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ɗauki sandarsa. "Ashe titi nake ta gaisarwa. Mu je, kar mu rasa huɗuba."

Bai sake tada maganar ba. Amma daga ranar, kafin mu kai wurin sai ya tsallaka ɗaya gefen, duk da ciwon gwiwarsa. Da sanyi ya shigo Allah ya yi masa rasuwa. Bayan jana'iza ɗansa ya ce zai sa a yi alamar kabari, na roƙe shi a sa sunan mahaifin marigayin a ƙarƙashin nasa, da kalmar soja. Ya yarda. Da na koma ziyara, da kaina na karanta.

Da ina tsammanin karatu sauƙi kawai yake kawowa. Ranar nan na gane akwai abin da in ka karanta wa mutum ka raba shi da ɗan abin da yake dogara da shi, kuma hakkinka ne ka nema masa madadinsa tun yana da rai. Ni na nema, amma na makara.