Maliki da Tsutsar Karan Shinkafa

A gidan Malam Dikko na cikin tsohon garin Birnin Kebbi, duk ɗan da aka haifa an san inda zai dosa. Ko ya zama malami mai zaure, ko alƙali, ko ɗan kasuwar da ake tsayawa a bakin rumfarsa ana yi masa tambayar fiƙihu. Maliki ne ya fita daban. Ya sauke Alƙur'ani kamar 'yan'uwansa, amma da aka shiga manyan littattafai sai kansa ya ƙi ɗauka. Shi abin da Allah ya ba shi a hannu ya ajiye masa. Tun yana saurayi, duk mai sauka a unguwar shi ake kai wa allo ya yi masa zayyana, kuma idan ya gama sai an yi ta zuwa kallo kafin a kai allon gidan masu shi.

Da ya girma ya yi aure, sai ya kama wata 'yar rumfa kusa da tasha, yana rubuta sunayen shaguna a jikin kwano, yana yi wa manyan motoci furanni da karin magana a baya. Mahaifinsa bai hana shi ba, sharaɗi ɗaya kawai ya gindaya masa, kada ya zana abu mai rai. Maliki ya riƙe wannan. Ko direba ya roƙe shi zaki ko shaho, sai ya yi masa dabino da wata.

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, aiki ya yi masa yawa. Ma'aikatu sun sauka a gidajen haya, kowace tana neman allon da zai nuna inda take. A cikin masu zuwa neman allo ne ya haɗu da Malam Abdussamadu, malamin gona mai kula da ƙwarin amfanin gona, wanda aka turo Argungu. Dogo ne mai sanyin magana, kullum aljihun rigarsa a kumbure da 'yan kwalabe. Ya zo karɓar allon ofishinsu, sai ya tsaya yana kallon wani ganyen dabino da Maliki ya zana a jikin wata mota. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye shi ko zai iya zana abin da bai kai ɗan yatsa tsawo ba, ya fito da shi yadda yake.

Maliki ya ce ya danganta da abin. Sai Malam Abdussamadu ya zauna a kan benci ya ba shi labari. Shinkafar fadamar Argungu ta shiga wani hali. Ga ta tsaye koriya shar, ba ta nuna ciwo, amma idan an yanka an casa sai a ga rabinta ƙaiƙayi. Manoma wasu na zargin iri, wasu taki, wasu kuma sun yi ta zuba maganin feshi ba su san abin da suke fesa wa ba. Shi ya tsaga kara ya ga farar tsutsa a ciki, ya kuma san cewa irin wannan tsutsa faɗa-wuta ce ke haifarta, ƙwaron nan mai fukafukai da ke rububin fitila. Amma faɗa-wuta iri-iri ce, kuma kowace da lokacinta da maɓoyarta. Ya aika da wasu Zariya wurin masana, kafin su isa sun rududduge, tururuwa ta gama da sauran. Na'urar hoton ofis kuwa in ta ɗauko ƙwaron, sai ya fito kamar ɗigon tawada.

Maganar ta taɓa Maliki, domin yayarsa Sharifa a Argungu take aure, kuma mijinta Hodi ba shi da wata sana'a sai shinkafa. Da sallar da ta wuce ta zo gida ba tare da buhun da ta saba kawowa ba, ta yi ta ba da haƙuri kamar laifinta ne. Duk da haka bai amsa ba. Ya ce sai ya ji daga bakin mahaifinsa.

Malam Abdussamadu bai yi gardama ba. Da kansa ya zo zauren Malam Dikko bayan la'asar, ya gaida shi, ya tsaga karan shinkafa a gabansa. Tsohon ya sa tabarau, ya dubi tsutsar tana motsi a tafin hannun baƙon, ya yi tambayoyi a kan yadda take shiga da abin da take ci. Daga nan ya juya wajen ɗansa.

"Abin da ni hana ka, don kar a ɗaukaka sura ne," in ji shi. "Wanga kuwa ɓarawon abincin talakawa ne, ana son a san kamanninshi. Tahi ka yi, Allah shi yi ma albarka."

Haka Maliki ya rufe rumfa ya shiga motar Argungu, ya sauka a gidan yayarsa. Da safe sukan hau kabu-kabu shi da Malam Abdussamadu zuwa bakin gulbi, su shiga gonar Hodi da na maƙwabta, ruwa har ƙauri. Suna yanko kara, suna tsagawa gaɓa gaɓa, duk wanda suka samu da tsutsa sai su sa shi a kwalba su ɗaure bakin da ƙyalle. Sharifa ta ba su wani lungu a ɗakin ajiyarta, ta kawo tebur don ɗora kwalaben, ta jera ƙafafunsa a cikin gwangwanayen ruwa don kada tururuwa ta hau. Ita ce ma takan riga kowa leƙawa da safe ta ce musu wata tsutsa ta rikiɗe, ƙwaro ya fito.

Zanen farko da Maliki ya yi, ya zuba masa duk gwanintarsa. Ya buɗe fukafukan, ya ƙara musu launi, ya lanƙwasa gashin kan yadda zai yi kyau. Malam Abdussamadu ya karɓa, ya yaba hannun, sannan ya ajiye takardar a gefe. Ya ce wannan ya fi ƙwaron kyau, kuma matsalarsa ke nan, domin masanin da zai duba ba zai gane shi ba, manomi ma haka. Ya miƙa masa madubin ƙara girma ya ce ya yini yana kallo kada ya taɓa fensir.

Abin ya sosa wa Maliki rai, don tunda yake ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Amma ya zauna ya kalla. A hankali ya fara ganin abin da da bai gani ba. Ashe waɗanda ya ɗauka duk ɗaya ne ba ɗaya ba ne. Akwai mai kauri da jiki kamar an sa masa bargo, wanda tsutsarsa ke da ɗan ja-ja. Akwai mai launin kara da ƙananan ɗige a gefen fiffike. Sai kuma siriri, mai naɗe fukafukansa a jiki idan ya sauka, da wani layi ja mai duhu da ya bi gaban fiffiken tun daga kafaɗa. Malam Abdussamadu ya koya masa duba jijiyoyin fiffike, da yadda baki ya fito, da bambancin mace da namiji. Ya ce haka ake raba su dangi dangi, kamar yadda ake bin salsalar mutane.

Da ƙwarin kwalaben suka yi ta fitowa, sai aka ga siririn nan mai layi shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma daga farar tsutsa yake fitowa. Hodi ne ya kawo musu wani ganye da ya tsuke a tsakiya kamar an manne shi, ya ce ya daɗe yana ganin irinsa bai kula ba. Da suka buɗe sai ga ƙwai a jere. Maliki ya zana wannan ma, da tsutsar, da yadda take kwanciya a gindin kara.

Wannan karon Malam Abdussamadu bai yarda da aike ba. Ya soke ƙwarin da allura a cikin kwali mai kafur, ya haɗa da zanen, ya tafi Zariya da kansa. Da ya dawo, tun daga ƙofar gida Maliki ya ga fuskarsa ya san an dace. Masanan sun duba ƙwarin da zanen gefe da gefe, sun tabbatar da cewa farar tsutsar karan shinkafa ce, wadda a littattafansu ake kira Maliarpha separatella. Sun kuma roƙi a bar musu biyu daga cikin zanen don koyar da ɗalibai. Hodi ya yi ta dariyar sunan, ya ce tunda da Mali ya fara, ashe ƙwaron ma ɗan'uwan Maliki ne, shi ya sa ya tsaya aka zana shi.

Sanin sunan ya buɗe sauran. Tsutsar takan kwanta a cikin tushiyar shinkafa duk tsawon rani, ta jira damina. Wasu manoma suka ce to a banka wa tushiya wuta da zarar an yanke, amma Fulanin da ke kawo shanu kiwo bayan girbi suka ce hakan zai bar dabbobinsu da yunwa. Malam Abdussamadu ya yi ta zirga-zirga tsakanin masu unguwanni da arɗo har aka daidaita, shanu su fara ci, sannan a kife ƙasa a kan abin da ya rage, inda ruwa ke kaiwa kuma a sake shi ya shanye tushiyar. Aka kuma roƙi maƙwabtan gona su riƙa dashe lokaci guda, su riƙa tsinke ganyen da ya tsuke.

Maliki ya koma ga fenti da kwano. Ya zana ƙwaron da girma, da tsutsar da ganyen, ya rubuta bayani da ajami da boko, aka kafa allunan a kasuwar Argungu da ta Augie da mashigar fadama. Ranar kasuwa yakan tsaya daga nesa ya ga mutane sun taru, wani yana nuna layin fiffiken da sanda yana cewa shi ma ya taɓa ganinsa a jikin fitilarsa. Ba kowa ya bi shawarar ba, kuma tsutsar ba ta ƙare ba. Amma a kakar da ta biyo baya, waɗanda suka bi sun ji bambanci tun a nauyin dami.

Daga nan aikin ya bi Maliki. Ya zana tsutsar gero, ya zana ƙwarin albasa, ya zana na wake, har aka daina ce masa mai fenti aka koma ce masa mai zanen ƙwari. Idan aka yaba masa yakan ce shi hannu kawai ya zo da shi, ido kuwa a wurin Malam Abdussamadu ya samo, bayan ya kai shekara talatin yana zaton yana gani.

Ana cikin haka aka yi wa Malam Abdussamadu canjin wurin aiki zuwa Yawuri. Bai daɗe da tafiya ba matar Maliki, Zakiyya, ta haifi ɗa namiji. Sharifa ta zo daga Argungu da sabuwar shinkafa, ita aka dafa wa baƙi. Da safiyar suna, bayan an raba goro, liman ya sunkuya ya tambayi uban yaro sunan da za a raɗa. Maliki ya faɗa masa, liman ya ɗaga murya ya ce an samu Abdussamadu, jama'a suka shafa fatiha. Mai sunan yana zaune a gefen tabarma, ya taso tun daga Yawuri ba tare da an gaya masa sunan da za a sa ba. Ya sunkuyar da kai, sai da Hodi ya taɓa shi ya ce ya tashi a kai shi ya ga takwaransa.