Malam Arzika Mai Caja da Gwangwanin da Ya Ɗauke a Cikin Toka

Haihuwa da asali

An haifi Malam Arzika Tamu ranar wata Talata cikin watan Agusta na shekarar 1964 a Jiga Birni ta ƙasar Aliero, ana tsakiyar ruwan sama wanda ya yi kwana biyu bai ɗauke ba, har ungozoma ta iso gidan da ƙyar, zanenta sharkaf. Mahaifinsa, Malam Tamu, manomin gero da albasa ne, mahaifiyarsa kuwa, Uwani, 'yar Birnin Malam ce ta wajen Jega. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai.

Karatu da sana'a

Ya fara karatun allo yana ɗan shekara biyar, aka sa shi firamare a Aliero a 1971, amma bai wuce aji biyar ba, domin hankalinsa ya fi karkata ga kwance duk abin da ke da waya a cikinsa. A 1979 mahaifinsa ya haƙura ya kai shi Jega koyon gyaran rediyo, kuma a 1986 ya buɗe tasa rumfar kusa da tasha.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yawaita a kan hanyar Jega, suka zo da tociloli da ƙananan rediyoyi masu batirin da ake sake cikawa. Wutar lantarki kuwa ba ta kai yawancin ƙauyuka ba. Wannan ne ya sa Malam Arzika ya fara haɗa caja wadda ke jan wuta daga batirin mota ko na babur. Ta farkon da ya haɗa a 1993 a cikin akwatin katako take, girmanta ya kai bulo, sai an ɗauko ta da hannu biyu. Tun daga lokacin babu abin da ya sa a gaba kamar rage girmanta, ba tare da ta zuƙe batirin mai ita a banza ba.

Aure da iyali

A 1988 ya auri Zubaida, 'yar wani mahauci a Maiyama, mace mai ƙarancin magana. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

'Yar Arzika

Da wayar hannu ta iso yankin wajen 2003, dillalan albasa na Aliero ne suka fi kowa bukatarta, saboda jin farashi daga kasuwannin Kudu, sai dai suna wuni a gona ko wajen ajiya inda babu wuta. A daminar 2004 Malam Arzika ya cim ma abin da ya shekara goma sha ɗaya yana nema: caja mai shiga cikin gwangwanin man shafawa, da wayoyi biyu masu baki da ake maƙala wa batir. Mutane suka sa mata suna 'Yar Arzika. Direbobi suna tsokanarsa a tasha suna cewa, "Injiniya, saura ka yi muna wadda za mu sa a kunne!" shi kuma yana dariya yana cewa su ba shi shekara guda.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, kafin kayan su shiga gwangwanin sai da ya cire abubuwa biyu. Ɗaya ɗan faifan ƙarfe ne mai shanye zafi, ɗayan kuwa na'urar da ke yanke wuta idan batirin waya ya cika. Ya gwada ta makonni uku a kan teburinsa, a buɗe, cikin sanyin damina, ya ga ɗumi kawai take yi, sai ya ɗauka ya isa. Ya manta da abin da ya sani tun yana yaro a Jiga Birni, cewa manomi ba ya ajiye abu mai daraja a fili. Naɗe shi yake yi a tsumma saboda yara da ƙasa, ya soke shi a cikin ciyawar rufi. Guda sittin da uku ya haɗa, duka aka saye.

Gobarar rudu

Rudu shi ne rumfar kara da ciyawa wadda mutanen Aliero ke adana albasa a ciki har ta yi tsada. Ranar wata Lahadi cikin watan Afrilu na 2005, a tsakiyar zafin bazara, wani dillali mai suna Ɗanasabe ya maƙala 'Yar Arzika a tsohon batirin mota, ya naɗe ta tare da wayarsa a tsumma, ya soke su a ciyawar rudunsa, ya tafi sallar Azahar. Kafin a idar, wuta ta kama, iska ta kwashe ta daga rudu zuwa rudu. Ba a rasa ran mutum ba, amma noman shekara na gidaje tara ya ƙone.

Kusa da wurin akwai wata bazawara mai suna Gudiya, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana tuyar ƙosai ga masu ɗaukar kaya. Nan take aka ce tartsatsin murhunta ne. Ta rantse cewa ta kashe wutarta tun da hantsi, babu wanda ya saurare ta.

Washegari Malam Arzika ya je jaje. Yana zagaya wurin tare da jama'a, sai ya hangi gwangwaninsa a cikin toka, daidai inda kowa ya ce wutar ta faro, ya narke ta gefe guda, wayoyin sun manne da murfin. Ya gane abin da ya faru tun kafin ya sunkuya. Ya yi kamar yana gyara takalmi, ya ɗauke shi ya jefa a aljihu, sannan ya miƙe ya yi wa Ɗanasabe addu'ar Allah ya mayar da alheri.

Aka hana Gudiya tuya a wurin. Yara suka riƙa kiranta Gudiya Mai Wuta, mata suka daina aiken sayen ƙosanta, har ta tattara ta koma gidan ƙanenta a Andarai ta ƙasar Maiyama.

Watanni goma sha ɗaya

Malam Arzika ya daina haɗa caja, ya ce wa masu tambaya kayan haɗi ne suka yi wuya. Zubaida ta tsinci gwangwanin a aljihunsa wajen wanki. Ba ta tambaye shi komai ba, sai dai kullum da safe idan ta kawo masa kunu, takan ajiye gwangwanin kusa da kwanon. Ya jefa shi bayan gida sau biyu, sau biyu tana dawo da shi. A wannan lokacin ya bar zama majalisar tasha, kuma idan sabga ta kai shi Maiyama yakan kauce wa hanyar Andarai.

A watan Maris na 2006, da aka fara cika sababbin rudu kuma zafi ya dawo, Zubaida ta ajiye kunun ta tsaya. Ta ce, "Malam, sun sake ɗaure ciyawa. Nawa ne 'yan'uwan cajar nan a hannun mutane?"

Ya ce, "Sittin da biyu."

Ta ce, "To, sha kununka."

Bai sha ba. Ranar ya tafi Aliero, ya tsaya a gaban mai unguwa da mutanen gidajen nan tara, ya ajiye gwangwanin a kan tabarma, ya bayyana abin da ya cire daga cikinsa da abin da ya ɗauke a toka. Ɗanasabe ya dube shi ya ce, "Kai da ka riƙe hannuna kana mini addu'a, ashe abin yana aljihunka?" Aka yi sulhu a kan ya ba da gonar gadonsa ta Jiga Birni a noma wa waɗanda suka yi asara, ya amince nan take.

Daga nan ya wuce Andarai, ya sami Gudiya tana sussuka, ya durƙusa daga nesa ya ce, "Gwaggo, wutar nan ba taki ba ce, tawa ce."

Ta ce, "Ni na san ba tawa ba ce, ɗan nan. Ba ni za ka gaya wa ba. Je ka gaya wa yaran Aliero."

Ya roƙe ta ta koma ga sana'arta, ta ce kaskon ta riga ta bayar. Ta ce ta yafe, amma ba ta sake zama Aliero ba har ta rasu a 2008.

Ƙarshen rayuwa

Shekarunsa uku na ƙarshe ya yi su ne a kan babur, yana bin kasuwannin Jega, Aliero da Maiyama da ƙauyukansu, yana karɓar tsohuwar caja yana bayar da sabuwa. Sabuwar ta ninka tsohuwar girma, da faifanta da na'urar yanke wutarta, da huda takwas a murfi, kuma duk wanda ya ba wa sai ya ce masa kada ya naɗe ta a tsumma. A kowace kasuwa yakan faɗi sunan Gudiya da cewa ba ta da laifi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ba a sake kiransa Injiniya ba.

Rasuwa

Malam Arzika ya rasu ranar wata Alhamis cikin watan Yuli na 2009, bayan jinyar kwana tara, yana da shekara arba'in da huɗu. An yi masa sallah bayan La'asar, aka binne shi a maƙabartar Jega. Ɗanasabe yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya bar matarsa Zubaida da 'ya'ya huɗu: Rabi'u, Bushra, Sagir da Mufida.

Abin da aka rasa: rudu goma sha bakwai, buhun albasa ɗari huɗu da talatin, jakuna biyu, gona ɗaya, sana'ar Gudiya ta shekara goma sha biyu, da caja biyu waɗanda har ya rasu bai gano a hannun wa suke ba.