Yadda Kaka Ta Samu Katin Asibiti

Shekarar da mutanen Michika da Madagali suka kwararo Jimeta, kusan kowane gida a layinmu na Rumde ya yi baƙi. Nawa gidan ya karɓi mutum biyar. Huɗu sun koma daga baya, aka bar mini wata tsohuwa da muke kira Kaka. Yarensu na kan dutse take ji, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga, in ta sunkuya ɗaukar tsintsiya sai ta dafa bango.

Ni ce shugabar matan unguwa a lokacin. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, amma ba na son aiki barkatai. Saboda haka da mutanen jami'a suka zo, wajena mai unguwa ya turo su. Jagorarsu wata likita ce mai yawan dariya, muna ce mata Dakta. Suna so su gano abin da ke damun waɗanda suka gudo, da dalilin da ba a ganinsu a asibiti kamar 'yan gari. Muka yi yarjejeniya: tambayoyi nasu, tsari nawa. Duk wanda ya faɗi ciwonsa za a ba shi katin ganin likita kyauta. Ni dai Kaka nake wa kwaɗayin katin nan.

Na kafa doka uku. Ta farko, gida-gida za a bi. Ta biyu, a fara da masu gida, sannan baƙi. Ta uku, uwargida ta zauna kusa da baƙonta don ya saki jiki. Wannan ta ukun har alfahari na yi da ita.

Da aka zo gidana, Dakta ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Kaka, ina ke miki ciwo?"

Kaka ta dube ni, ta ja zane ta rufe ƙafafunta. "Lafiya. Hajiya kirki. Abinci yawa."

Na ce, "Kaka, ƙafar fa?"

"Ƙafa lafiya."

Ba zan yaye wa tsohuwa zane a gaban mutane ba. Aka tashi babu kati.

Bayan mako biyu Dakta ta dawo da takardu tana dariya. "Hajiya, in aka bi takardun nan, mai neman lafiya sai ya gudo Rumde. Masu gida kowa da ciwon baya da olsa, baƙi ko mura babu." Ta ƙara da cewa ranar Alhamis za su rufe ba da kati.

Ni ban yi dariya ba. Na saka mayafi na tafi injin niƙa, inda matan da suka gudo ke taruwa da hantsi. A cikinsu akwai wata dattijuwa da ta yi aikin ungozoma a ƙauyensu, tana jin Hausa sosai. Na zayyana mata komai.

Ta ce, "Haba Hajiya. Wanda ya ba ki ɗaki da tuwo, za ki zauna a gabansa ki ce ba ki da lafiya? Ai kin ce bai riƙe ki da kyau ba ke nan."

Na san wannan tun ina yarinya. A cikin dokokina ne kawai ban sa shi ba.

Nan take na sake tsari. Na farko, a gindin darbejiyar bakin injin za a yi tambayoyi. Na biyu, ungozoma ce mai fassara. Na uku, kada mai gida ko ɗaya ya matso.

Ungozoma ta ce, "Har ke."

"Ni ce shugaba fa."

"Shi ya sa."

Ranar Laraba na zauna a shagon tela, tsallaken titi. Ina hango Kaka, wadda ba ta taɓa haɗa mini kalma biyar ba, tana ta zuba zance da hannu biyu, ta buɗe ƙafa, ta nuna ƙeya, ta nuna ƙirji. Ƙarar injin ta hana ni jin komai. Kusan rabin awa ta yi.

Ta samu kati. Aka auna ta, hawan jini ne, aka ɗora ta a kan magani. Da yamma Dakta ta biyo gida ta ce in rage gishiri da dunƙule a miya.

Na ce, "Wa ya ce miyata ta yi gishiri?"

"Sirrin bincike ne, Hajiya."

Har yau mutanen jami'a suna zuwa, ungozoma kuma tana da kujerarta a taronsu. Kumburin Kaka ya saɓe kafin damina ta wuce, silifa ya shiga. Ranar da na fara rage gishirin na tsaya a kanta har ta kai loma baki, na tambaye ta yaya miya.

Ta haɗiye, ta ce, "Hajiya kirki."