Gilasai Uku na Kawu Mai Mayafi

Kawu Mai Mayafi ƙanin mahaifiyata ne. Laƙabin ya samo shi ne daga baƙin ƙyallen da yake lulluɓe kansa da shi in zai ɗauki hoto. Kyamararsa irin ta dā ce, akwatin katako mai ƙafa uku, fim ɗinta guda ya fi tafin hannu faɗi. Shekara talatin da biyar ya yi a shago ɗaya, dogon ɗaki mai labule a ƙurya, warin ruwan wanke hoto ya kama bango har da rigunansa.

Abin alfaharinsa gilasan gaban kyamarar ne, guda uku. Tun yana saurayi ya gano cewa wani babban kamfani yana ƙera gilashi iri ɗaya, ya buga sunansa a kan wasu, sauran ya sayar wa wani ɗan kasuwa mai buga nasa sunan. Masu sunan ɗan kasuwar rabin kuɗi ne. Irinsu ne Kawu ya saya, kuma bai bar kunnen kowa ya huta ba. Ko gaisuwa ka shigo yi, sai ya ɗaga maka gilashi a haske.

"Duba nan, ɗan nan. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wawa ne ke biyan kuɗin rubutu."

Bara yanar ido ta rufe masa idanu. Hotuna suka fara fita dishi-dishi, shi kuwa yana ta zagin fim. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce aiki za a yi, kuma da gaggawa, don na hagu yana gab da lalacewa gaba ɗaya. Ni albashina ko hayar ɗaki ba ya cikawa. Kawu kuwa ban da gilasan nan ba shi da ko tsinke.

Ya naɗe su a tsumma, muka hau bene wurin wani dillalin kayan hoto. Dillalin ya haska su da tocila, ya gwada maɓallin kowanne, ya ce ko ƙwarzane babu. Sannan ya faɗi farashin da ya sa na ji kamar in kifa masa mari.

Kawu ya zaro daga aljihu wani tsohon hoto da ya ɗauka da ɗaya daga cikin gilasan. "Ƙirga gashin girar matar nan. Ƙirga mana!"

"Baba, ai ban musa ba," in ji dillalin. "Na san masana'anta ɗaya ce. Amma mai saye suna yake karantawa."

Mun je wurin wasu biyu, ba su ma kai shi ba. Muka dawo masa muka sayar duka, kuɗin ya tsaya a aikin ido ɗaya.

Likita ya ce a ceci na hagu, na dama zai iya jira. Kawu ya yi tsalle ya dire. Da na dama yake saita hoto tun farko, shi za a gyara. Na roƙe shi, mahaifiyata ta yi kuka a waya, ya ce mu ba mu san sana'a ba. Har yau ina jin haushinsa, ina kuma jin haushin kaina da na bari. Kafin wata huɗu na hagun ya mutu.

Da ya warke, ya ce in raka shi benen dillalin, gaisawa kawai zai yi. Gilasansa na jere a akwatin nuni, da kati a gabansu. Ya sunkuya ya karanta da kansa, a hankali: ƙirar babban kamfanin ce, suna kaɗai ya bambanta. Farashin guda biyu ya isa aikin ido biyu.

Ya ɗago, ya juya muka fito. Da muka sauko bakin titi ya tsaya, ya laluba hannuna.

"Koma ta hagu, ɗan nan. Ba na ganin mota ta nan."